Kumbon Yaya da Ƙafar Baba

Bana ma damina ta yi jinkiri. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, iska ta fara buga ƙofofi, mata su fito da bokitai su jera ƙarƙashin indararo, sai kuma ya watse ya bar mu da gumi da jin haushi. Shekaranjiya jikata ta zo tana ƙorafi wai fankar sola ta rage gudu. Na dube ta, na dubi fankar. Amma tun daga lokacin wata bazara ta dawo mini gaba ɗayanta, da warinta da ƙudajenta, da wani fushi da na zaci shekaru sun cinye shi. Ashe kwanciya kawai ya yi.

Shekarar da nake magana ita ce wadda farar hula suka shirya zaɓe da kansu karo na farko bayan soja sun koma bariki. Ina koyarwa a wata firamare, ina aure a Tarauni. Mijina Malam Sani ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne mai wani tsohon babur. Baba kuwa yana gidanmu na Gyadi-Gyadi shi kaɗai tun rasuwar Inna, ni ke aika masa abinci. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ciwon suga ya daɗe a jikinsa, allura safe da yamma, ƙafafunsa kuma sun riga sun mutu da ji, ko ƙaya ya taka ba ya sani.

Mu biyu ne 'ya'yansa da suka rayu, ni da Yaya Nafi'u. Ni sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Uwani, shi kuma Baba ya ce Uwata. Yaya ya tafi Amurka karatun injiniya tun ina 'yar sakandare, ya gama, aka riƙe shi a wani wuri inda ake ƙera na'urorin da ake aikawa wasu duniyoyi. A waccan shekarar suna haɗa wata da za a tura duniyar Mars. Ba mutum a cikinta. Za a naɗe ta a cikin kumbo, a ɗora a kan roka, ta yi wata da watanni tana tafiya, in ta isa ta buɗe lema ta sauka, ta fara tonon ƙasa tana aiko da hotuna. Sashen Yaya shi ne batir da wayoyinsa, ya tabbatar sanyin can bai kashe su ba.

Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba, kunyar ɗan fari. “Yayanki” yake cewa, ko “mutumin can”. Amma rediyonsa ba ta barin kunnensa, kuma in aka zo labarin kimiyya ko tari ka yi sai ya harare ka.

Ranar zaɓe aka fara. Na roƙe shi ya zauna a gida, ya ce shekara nawa soja suka yi suna yanke masa hukunci ba su tambaye shi ba, yanzu da aka tambaye shi ba zai yi shiru ba. Ya sa silifas ɗin roba ya tafi tun da sassafe. Kayan zaɓe ba su iso rumfarsu ba sai da rana ta take. Ya tsaya a layi a kan ƙasar da ko akuya ba ta iya tsayawa, robar ta yi laushi ta manne masa a tafi, shi kuma bai ji ba. Ya dawo yana nuna mini tawadar da ke yatsansa yana murmushi. Da na cire masa takalmin, fatar ƙasan yatsunsa na hagu ta biyo shi.

Washegari na kwaso 'ya'yana da buhun kayanmu na dawo Gyadi-Gyadi.

Wanda bai ga waccan bazarar ba ba zai gane ba. Fetur ya ɓace. Layin mota ya tashi daga gidan mai ya miƙe gefen titi har ba ka hango ƙarshensa, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu sun mai da wurin gida. Malam Sani yakan tura baburinsa ya shiga layi ya wuni, ya dawo yana tura shi. Kananzir ya bi fetur, muka koma itace da gawayi. Wuta kuwa in an kawo ta sai yara su yi ihu, kafin ka jona wani abu an ɗauke. Famfonmu ya bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Kafin zaɓe wata tanka mai hoton ɗan takara ta riƙa zuwa layinmu tana raba ruwa, ana kiɗa, ana jefa mana huluna. Daga ranar da aka ƙirga ƙuri'a ba mu sake ganin ko sawun tayarta ba. Motocinsu masu lasifika dai ba su taɓa rasa mai ba, wannan na gani da idona.

Da asuba, bayan salla, zan ɗauki bokiti in tsallaka gidan maƙwabciyarmu Maman Ngozi. Ibo ce, Kirista, ta daɗe a layin tun ina yarinya, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Tana da rijiya, tana da firiza da take ƙanƙara da zoɓo na sayarwa. Rijiyar ta ja baya, sai ka zura guga ka jira ta tara, abin da zai fito rabi ruwa rabi laka. In na samu sai in bar shi ya kwanta, in tace da tsumma, in dafa, in zuba gishiri, in jira ya huce. Da shi nake wanke ciwon. Sannan in yi masa allura, in dama masa kunun da ba suga, in shirya yara, in tafi makaranta a ƙafa in dawo a ƙafa. Ruwan wanka da na girki sai na 'yan garuwa, su ma sai ka tare su tun daga bakin titi kana magiya.

Ruwan allurar Baba ba ya son zafi. A firizar Maman Ngozi muke ajiye shi, a gefe inda ba zai daskare ba. In wuta ta daɗe ba ta zo ba sai mijinta ya tayar da janareta na ɗan lokaci da man da ya sayo wurin 'yan bumburutu.

Da azahar gari yakan yi tsit. Kwanon rufi yana ƙara kamar ana taka shi, bango yana fitar da zafi, tabarma ma zafi. Ƙudaje kuwa sun san ɗakin Baba. Nakan zaunar da 'yata da mafici tana kore su, in ta gaji in karɓa.

Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Kano ba a lokacin. Malam Sani na da guda, amma a gidan Baba ba ta kamawa sai ka hau turmi a jikin katangar gabas ka ɗaga kai kamar mai duban wata. A kan turmin nan nake magana da Yaya. Ba zan zalunce shi ba, yana kira, yana kuma aiko da abin da ya samu. Sai dai kuɗi ba ya sayen man da babu.

A farko har daɗi hirarsa ke yi mini. Ya ce an kwashe su daga inda suke aiki an kai su bakin teku, inda rokar take. Ya ce ɗakin da na'urar ke ciki ba a shigarsa sai ka sa fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ka rufe baki da gemu, iska ta hure ka a ƙofa. Ko gashi ɗaya ba a yarda ya faɗa mata ba. Ana sanyaya mata ɗaki dare da rana, ana goge ta da magani don kada ta kai wa waccan duniyar cuta. An jijjiga ta, an gasa ta, an daskarar da ita, duk don a ga ko za ta jure.

“To me za ta je nema?” na tambaye shi.

“Alamar ruwa,” in ji shi.

Da na ba Maman Ngozi labari sai ta saki igiyar guga tana dariya. “Ruwa? Ki ce masa su fara gwada ta a layinmu mana.”

Ciwon bai warke ba. Ya fara ruwa, gefensa ya yi duhu, yatsu biyu suka koma launin gawayi. Muka ɗauki shatar mota da tsadar da ba na son tunawa muka je asibiti. Likitan ya duba, ya danna, ya dube ni.

“Malama, yatsun nan biyu sun mutu. A cire su yanzu, a tsira da ƙafar. In aka jira, abin hawa yake yi.”

Baba ya jawo babbar rigarsa ya rufe ƙafar. “Ba mai sa wuƙa a jikina sai Yayanta na tsaye a wurin.”

A mota na ce, “To Baba, bari in gaya masa ya taho.”

“Kul! Ki bar shi ya gama abin da ya sa gaba. Kada in ji kin ɗaga masa hankali.”

“Ba za a yanka ba sai ya zo, kuma ba za a ce ya zo ba? To ni ina zan sa kaina?”

“Ki sa shi a haƙuri, Uwata.”

Ban yi haƙurin ba. Da yamma na hau turmi na faɗa wa Yaya komai, da launin yatsun, da warin da ya fara, da abin da likita ya ce kalma da kalma. Sai ya ce, “Uwani, ki gane, ba kamar motar Kaduna ba ce da in ta wuce ka sai ka jira wata. Duniyarmu da waccan kowacce da gudunta, sai bayan shekara biyu da 'yan watanni suke matsowa kusa da juna. Ƙofa ce ta 'yan makonni. In ta rufe ba mu harba ba, aikin shekaru ya zauna ke nan. Ba ni Baba.”

Malam Sani ya tallafo Baba har jikin katanga, ya tsaya da ƙafa ɗaya, gumi na zuba daga gemunsa, na miƙa masa wayar ina kan turmi ina riƙe da ita a kunnensa. Sai ga wata murya ta fito daga bakinsa wadda rabon da in ji ta tun kafin zaɓe, murya mai ƙarfi, har da dariya.

“Ɗan ƙurji ne fa. Ka san Uwata da tsoro. Kai dai ka tsaya ka yi aikinka, kada ka ba mu kunya a gaban Turawa.”

Na mai da wayar kunnena.

“Kin ji, Baba ya ce da sauƙi,” in ji Yaya.

“Ni da ke wanke shi na ce maka babu sauƙi.”

“Kin san ki da ɗaukar abu da zafi. Kwana kaɗan ya rage. Ana harbawa zan hau jirgi, wallahi.”

Nan ne fushina ya samo tushe, kuma har yau a nan yake. Mutumin da ba ya yarda da ƙusa guda sai an gwada ta an sake gwadawa, mutumin da ba ya karɓar “ai lafiya take” daga bakin kowa in dai a kan na'urarsa ne, shi ne aka ba shi magana biyu a kan mahaifinsa, ya zaɓi wadda ta fi masa daɗi bai ƙara tambaya ko ɗaya ba.

Ranar da aka sa ta zo. Baba ya sa aka yi masa aski, ya zauna da rediyo a cinya. Sai ga kira: hadari ya taso musu, da walƙiya, an ɗaga. Na tsaya a kan turmi ina kallon namu sararin da ya yi fari fat, na ce, “Ku aiko mana da shi mana, tunda ku ba kwa so.” Bai yi dariya ba, ni ma ba wasa nake ba.

Aka sa wata rana, aka ce wani abu da aka liƙa a jikin rokar ya ɓanɓare, sai an sake. Aka sa wata, aka ce iska ta yi yawa a sama. Kowace ɗagawa Yaya zai kira da muryar wanda bai yi barci ba, ya yi mini bayani dalla-dalla, ya ƙare da “kwana kaɗan”. Ni kuma kowace safiya in kwance bandeji in ga baƙin ya ƙara hawa. Ya wuce yatsu, ya ci tafi, ya nufi idon sawu. Warin ya fito daga ɗaki ya cika tsakar gida, turaren wuta ya kasa rufe shi. Abokan Baba da ke zuwa hira suka koma gaishe shi daga zaure. Yarana suka daina cin abinci a gidan, sai su ɗauki kwanonsu su tafi wurin Maman Ngozi.

Na yi masa kuka, na durƙusa na kama ƙafarsa mai lafiya, na kawo limamin unguwa ya yi masa nasiha. Amsarsa ɗaya: “Ya kusa.”

Sai mai ya gagari kowa, har 'yan bumburutu. Janaretan gidan Maman Ngozi ya yi shiru. Ta shigo da kanta da ƙanƙararta ta ƙarshe a naɗe cikin buhu, ta ce, “Uwani, wannan ce ta rage, ban sayar ba. Daga ita sai Allah.” Muka sa kwalbar allurar a ciki har ta narke. Bayan nan na binne ɗan tulu a cikin jiƙaƙƙen yashi a bayan randa, ina yayyafa masa ruwan da ya kamata mu sha. Bai hana ba. Wata safiya na ɗaga kwalbar a haske na ga ruwan ya yi gudaji-gudaji. Na zaga kantunan magani a ƙafa har Hotoro, duk wanda na tambaya sai ya nuna mini firij ɗinsa a buɗe, babu komai ciki sai zafi.

Zazzaɓi ya rufe Baba. Ya fara kiran Inna, yana ba ta saƙon wasiƙu. Da hantsi na taɓa shi na ji kamar murhu, na kira shi bai amsa ba.

Malam Sani ya fita neman mota ya dawo hannu biyu. Ko acaɓa babu. Mai kurar da ke kawo mana ruwa yana ƙofar gida, bai jira an roƙe shi ba, ya sauke jarkokinsa a ƙasa. Muka shimfiɗa katifar yara a ciki, muka kwantar da Baba, ƙafafunsa na lilo a waje. Malam Sani da mai kurar suna turawa, Maman Ngozi na riƙe masa lema da zaninta ɗaure a ƙugu, ni ina rungume da ƙafar don kada ta bugi ƙarfe. Haka muka ratsa gefen layin mai, direbobi na tashi daga tabarminsu suna salati, wasu na toshe hanci. Mahaifin injiniyan da ke aika kaya wata duniya, a kurar ruwa. Ban yi kuka ba. Haƙorana kawai nake ji suna cizon juna.

Likitan nan dai muka tarar. Ya kwance bandejin, ya mayar.

“Yanzu ba maganar yatsu ake ba. Ƙasan gwiwa, kuma yau. Ina babban ɗan nasa?”

“Ni ce,” na ce masa. Na sa hannu.

Suna ciki da shi ruwan farko ya sauka. Iska ta fara, sannan ƙamshin ƙasa, sannan ya kece kamar an fasa sama. Masu jinya suka fito baranda suna hamdala, wasu na tara kwanuka, wata tsohuwa ta shiga cikinsa da kayanta tana dariya. Maman Ngozi ta riƙe hannuna ta ce in yi addu'a irin tamu, ita ma za ta yi irin tasu. Na yi, amma Allah ya gafarta mini, har ruwan ma haushinsa nake ji. Sai yanzu?

Baba ya farfaɗo washegari. Ya buɗe ido, ya neme ni, leɓunansa sun bushe. Na sunkuya.

“An harba?”

“Baba, an yanke maka ƙafa.”

“Na sani. Cewa na yi an harba?”

Ba a harba ba sai bayan 'yan kwanaki, muna asibitin. A rediyon wani mai jinya muka ji, a ƙarshen labarai, bayan rantsuwar sababbin shugabanni da alkawuran wuta da ruwa. Aka ce roka ta tashi lafiya, kumbon ya rabu da ita ya kama hanya. Baba ya yunƙura ya tashi zaune, ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji: “Ɗana Nafi'u yana cikin waɗanda suka yi wannan!” Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Mutane suka yi ta sa albarka. Na ɗauki fo ɗinsa na fita zubarwa.

Yaya ya kira da yamma, muryarsa na rawa don murna. Ya ce wutar rokar ta fi rana haske, ƙasa ta girgiza har cikin ƙirjinsa, manyan mutane sun rungumi juna suna kuka, batirinsa na aiki yadda ake so. Na bar shi ya gama tsaf.

“An yanke,” na ce. “Ƙasan gwiwa.”

Na ji numfashinsa, na ji hayaniyar mutane a bayansa suna tafi. Sai layin ya katse.

Ya iso damina ta yi tsakiya. Kwatoci sun cika sun tumbatsa, layinmu ya zama taɓo, sauro ya maye gurbin ƙuda, ana gasa masara a bakin titi. Ya shigo da takalminsa duk laka, ya ga Baba zaune a tabarma, ƙafar wando ɗaya a naɗe an soke ta da fil. Ya zube a gabansa ya kifa kai yana kuka kamar yaro. Baba ya dafa kansa ya ce, “Tashi, tashi. Yanzu ina na'urar ta kai?” Haka suka zauna, Yaya na share hawaye yana zana masa hanyar kumbo da yatsa a kan tabarma.

Cikin tsarabar da ya kawo akwai wani kwali. Takalma ne masu laushi da ake yi wa masu ciwon suga, wani likita a can ya ce a kiyaye ƙafar da ta rage. To ba a sayar da wari ɗaya. Na ga ya yi niyyar zare na hagun a ɓoye, amma Baba ya riga shi buɗewa. Ya sa na dama, ya motsa yatsunsa a ciki, ya ce, “Kamar an gwada.” Ɗayan ya rage a kwali, sabo fil, da takarda cushe a bakinsa. Kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

A madafi Yaya ya same ni ina hura gawayi.

“Uwani, da na sani...”

“Ka sani.”

“Baba ya ce mini...”

“Ni ma na ce maka. Da bakin nan na gaya maka, ina tsaye a kan turmi kamar mahaukaciya.”

“Ko na so tahowa ba za su sake ni ba. Ba wanda ya san sashen nan kamar ni.”

“Wa ya ce ka taho? Ka zauna da ƙarfenka, Yaya, ka sanyaya masa ɗaki, ka goge shi da magani. Kalma ɗaya ake nema a bakinka. Ka ce, Baba, na yarda da Uwani, a cire yatsun. Wallahi da ya miƙa ƙafar. Kai kaɗai yake ji a duniya. Amma ka san in ka yarda da ni hankalinka zai rabu biyu, shi ya sa ka ce ina ɗaukar abu da zafi.”

Ya tsaya hayaƙi na shiga idonsa. Ya ce in yafe masa. Na ce wanda aka yanke wa ƙafa yana ɗaki, ya je can. Ya ce Baba ya ce ba abin yafewa. Na ce to ka samu.

Na'urar ta sauka lafiya bayan watanni, ta aiko da hotunan jar ƙasa da duwatsu, Baba ya sa aka yanko masa ɗaya daga jarida aka liƙa a bango. Ya yi shekaru yana dogara sanduna zuwa masallaci kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ko sau ɗaya ban ji ya ɗora wa kowa laifi ba. Yau akwai rijiyar burtsatse a layin, akwai sola a kan rufi, waya na kamawa har a banɗaki. Ni da Yaya muna gaisawa, 'ya'yanmu sun san juna. Mutane kan ce mini ai ƙaddara ce, kuma na yarda ƙaddara ce. Sai dai ni na wanke ƙafar nan safe da yamma.

Ranar da Yaya zai koma Amurka a wancan zuwan, ya bar akwatinsa a buɗe a kan gado ya fita sallama da maƙwabta. Na ɗauko takalmin hagun daga kwalinsa, na ɗora shi a saman fararen rigunansa da aka goge, na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya shigo, ya gan shi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗago ya dube ni. Ban kau da kai ba.

Bai cire shi ba. Ya danna murfin akwatin da gwiwa, ya ja zif, ya ɗauka ya fita.